Shekarar da harshena ya ɗaure a lakwal

Shekaranjiya jikata tana aikin lakwal, wato makarantar boko, a tsakar gida, sai ta ɗauki sandar jan layi ta buga a kan tebur don ta kori ƙuda. Ina kishingiɗe a tabarma, sai na ga yatsuna sun dunƙule da kansu. Tsoho da ni, furfura har a gira, amma wannan ƙarar ba ta bar jikina ba. Zauna in gaya maka inda na samo ta.

Zamanin Faransa ne. Ni ɗan wani ƙauye ne a wajen Kiéché, kuma mai gari ne ya sa sunana cikin yaran da za a kai lakwal. Innata ta yi kuka kamar an ce soja za a kai ni. Bayan girbi aka ɗora ni a jaki zuwa Dogon Dutsi, gidan kawuna mai sayar da fatu. Shi kawu ra'ayinsa dabam ne da na mutanen ƙauye. Ya ga ma'aikatan kumandan, baturen mulki, da takalma da alƙalami a aljihu, ya rantse sai ɗan ƙanwarsa ya zama irinsu. Abin da ban gaya wa inna ba shi ne, ni ma abin ya shiga raina. Ina son lissafi, ina son taswirar da ke jikin bango, ina son ƙamshin tawada.

A shekara ta uku aka kawo mana sabon malami, mushe muke ce masa, mutumin can bakin teku. Dogo ne, mai tsabta, kuma ba zan ce mugu ba ne, don shi ma na sama da shi yake tsoro. Amma yana da sandar jan layi ta katako mai kusurwa huɗu. Idan ya yi mana dikte, wato ya faɗa mu rubuta, kowane kuskure bugu ɗaya ne. Ka haɗa yatsunka biyar ka ɗaga, ya sauke ta a kan farce. Kafin ya kira sunan yaro kuma sai ya buga ta a tebur.

Da kawu ya ga yatsuna a kumbure, maganin da ya ga ya dace shi ne ƙarin karatu. Ya hana ni langa, ya hana ni bin yara hawan dutse. Daga dawowa sai zaure, littafi a hannu har magariba, da asuba kuma kafin in sa komai a baki. Bai san harafi ko ɗaya na nasara ba, amma yana zaune yana kallon bakina. Da leɓena ya daina motsi sai ya yi gyaran murya.

Da bazara ta kama, abin ya fara. In tashi da ciwon ciki, fura ta ƙi wucewa. Abin da na haddace a zaure tsaf, da mushe ya buga tebur ya kira ni, sai ya watse. Harshena ya bushe ya manne. Ina ganin amsar a raina, bakina ya ƙi buɗuwa. Wata rana a gaban allo na ji ƙasa tana juyawa, na faɗi ina karkarwa, aka ɗauko ni gida. Mushe ya aiko cewa jarrabawar ƙarshen shekara ta kusa, wanda ya faɗi za a soke sunansa.

Kai da ka san ƙasarmu ta Arewa, ka san abin da aka ce. Hanyarmu ta lakwal tana bi ta gindin wata tsohuwar tsamiya, to magana ta ƙare: doguwa ce ta shafe ni. Kawu mai salla ne, amma tsoro ya fi ƙarfinsa. Ya sayi baƙar akuya, ya yi magana da mai goge, ya aika ƙauye a zo da uwarsa, wato kakata, wadda duk yankinmu an san ta a bori. Girka za a yi mini, a killace ni kwana da kwanaki ana turare da jiƙe-jiƙe har a daidaita ni da iskar. Na san in aka fara, jarrabawa ta wuce ni, ni da lakwal kuma sai dai in hango ta. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Kaka ta iso da sandarta da ƙullin kayanta. Gajeriya ce, mai faɗa, ga tsokana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi akuyar, ta ce, "Ku ɗaure ta tukuna." Kwana bakwai ba ta kunna turare ba, ba ta jiƙa komai ba. Zama kawai take a bakin ɗaki da abawarta tana kaɗi, tana kallona in zan fita, tana kallona in na dawo. Matar kawu har ta fara gunaguni cewa tsufa ya ci tsohuwar.

A wancan zamani ba a zuwa lakwal Alhamis da Lahadi. Ranar ta takwas kaka ta kira kawu, a gabana, ta ce masa, "Alhamis yaron ga ya shanye ƙwaryar hura ya nemi ƙari. Lahadi na ji shi yana waƙa bayan ɗaki. Wace irin doguwa ta ke hutu Alhamis da Lahadi, kamar ma'aikacin kumandan? Tun ba a haife ka ba nike hulɗa da su, ban taɓa ganin irinta ba."

Kawu ya ce, "To inna, mi ke damunshi?"

Ta ce, "Tsoro na. Kai da mushe kun sa shi tsakiya, ba shi da inda za shi aje numfashi."

Kashegari ta ɗauki sandarta ta bi ni lakwal. Kunya ta kusa kashe ni. Ta jira aka tashi, ta sami mushe a inuwa, ta gaishe shi da ladabi, shi kuma yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin matan Fulani suna tatsa a bayan gari. Ta ce in aka daki saniya nonon ɗaukewa yake, yana nan ciki amma ba ya fita. "Abin da ka zuba mishi yana nan," in ji ta. "Ka bar shi ya fito." Ni dai ban sa rai mushe zai ji maganarta ba. Sandar kuwa bai jefar da ita ba, kada in yi maka ƙarya. Amma daga ranar, in zai kira ni ba ya buga tebur, sai ya sa ta a aljihun tebur ya ce in ɗauki lokacina.

A gida kaka ta kafa doka, kawu kuma ba shi da bakin musu da uwarsa. Sai na ci na ƙoshi kafin in fita. Da la'asar a rufe littafi, in tafi langa in dawo da ƙafafu futu-futu. Karatu kuwa a gabanta zan yi, ɗan kaɗan, tana kaɗi. Ba ta jin ko kalma ɗaya. In na yi kuskure ba ta sani ba, sai dai ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla, ɗiyan nasara." Sai in yi dariya in koma in gyara da kaina. A nan na fara gane cewa ana yin kuskure a tashi lafiya.

Hadarin farko yana haɗuwa muka yi jarrabawa. Gabana ya faɗi da aka kira ni, harshen ya fara bushewa, na ja numfashi, maganar ta fito. Na wuce. Kaka ta koma ƙauye shuka, ta tafi da akuyar, ta ce ladan tafiyarta ce.

Daga baya ni ma na zama mushe, na daɗe ina koyarwa. Yanzu an rage duka, na yarda, amma ina ganin jikokina: lakwal da safe, ƙarin darasi da yamma, wani malami ranar hutu, iyaye kuma a tsaye a kansu kamar kawu. In yaro ya ce cikinsa na ciwo sai a ba shi ƙwaya a ce ya yi sauri kada ya makara.

Akwai yaron da muke benci ɗaya da shi a waccan shekarar. Shi ma bakinsa ɗaurewa yake, sai dai shi ba ya faɗuwa, don haka ba wanda ya ce iska ce. Daƙiƙi aka ce, aka soke sunansa. Bara na gamu da shi a kasuwar Dogon Dutsi yana sayar da igiya, ya tsufa ya fi ni. Muna cikin tsokanar juna sai ya miƙe, ya harɗe hannu a ƙirji yadda ake sa mu yi, ya zubo mini jadawalin lissafi na tara da sunayen kogunan Faransa, ko tuntuɓe bai yi ba. Yana dariya ya ce, "Ka ga, mushe, ranar jarrabawar nan ma na san su." Ni dai ban iya taya shi dariyar ba.