Simintin Zaurenmu

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na ga wani zaure a Tudun Jukun ya sha siminti, na ce lallai sai namu ya fi shi sheƙi. Tsohon maginin unguwarmu ya ce, "Malam, bangonka na ƙasa ne, siminti ba ya kama shi. Ruwa zai shiga tsakaninsu."

Na ce, "Haba Baba, kai da aka gina ganuwa a gabanka, ina ka san zamani?"

Na sa aka shafe zauren da siminti. Da damina ta yi nisa, shafen ya ɓamɓaro, ya tafi da rabin bangon. Ina jin har Wusasa an ji ƙarar. Na je na durƙusa wa Baba. Ya ce in naɗe wando in fara kwaɓa ƙasa, yana tafe.