Ɗinki Biyar a Leɓen Sadiku

Ranar Asabar ce, kwana uku bayan ƙaramar sallah, a shekarar da na cika sha ɗaya. Muna baranda a hawa na tara a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, hadarin la'asar ya haɗo, Mama ta ce in kwashe shanya. Ina tsaye da zanen gado a kafaɗa, ƙanena Sadiku yana zaune a kan bokiti yana busa sarewarsa, maƙwabciyarmu da muke kira Makcik ta leƙo tana tafa masa. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi.

Sarewa biyu Baba ya sayo mana a wani kedai, wato kanti, a unguwar Brickfields lokacin yana digirinsa na uku, don malamarmu ta kiɗa a ƙasar Ayalan ta yi karatu, kuma busar can take koyarwa. Dukansu baƙar roba ce mai arha, huda shida-shida, tsawo kusan ɗaya. Amma ɗaya a baki ake sa ta kamar usur, ko jariri ya hura sai ta yi kuka, murya ƙasa-ƙasa mai dishi-dishi. Ɗayar a gicciye ake riƙe ta, a ɗora ƙarƙashin leɓe, a tsuke baki kamar mai hura koko. Ita na fara zaɓa, ni babba. Sati biyu ina fama, ban da iska da jiri ba abin da na samu, na wurgar na koma ta bakin. Yaron nan ɗan shekara tara ya ɗauka, kafin magariba ta yi masa magana. Tasa ta yi rarrashi, ta yi tsawa, tawa kuwa murya ɗaya gare ta. Malama ta zaɓe shi ya busa shi kaɗai ranar bikin makaranta, ni aka jera ni a baya, kuma saura mako guda.

Da ma ba ma kwana biyu ba mu daku ba. Cizo, yaƙushi, jifa da takalmi, duk mun saba. Amma ranar sai ya sauke sarewar ya dube ni ya ce da salon maganar 'yan garin, "Yaya, taki ai ta yara ce lah." Wallahi ban san sanda na yar da zanen ba. Na wawuri tawa a kan taga, na kama ta hannu biyu, na shirga masa a baki. Ya faɗo daga bokitin, leɓensa na sama ya rabe biyu, jini ya wanke rigar sallarsa, ni kuma ban tsaya ba, na ƙara masa a kafaɗa. Makcik ta ƙwalla ihu. Mama ta fito ta ɗauke ni da marin da sai da na ga wuta, Baba ya sungume shi sai asibiti. Da ya dawo ya zare bel, na sha dukan da ban taɓa sha ba, kuma don taurin kai ko haƙuri ban bayar ba.

Ɗinki biyar aka yi masa. Biki ya wuce yana shan kunu da cokalin shayi. Da leɓen ya warke sai ya yi tauri, ya ɗan karkace. Ina leƙensa ta ƙofa yana ɗora sarewar, yana juya ta, yana tsuke baki, iska kawai ke fita, irin tawa ta da. Wata guda cur yana gwadawa. Rannan ina wanke-wanke ya shigo kicin ya ce, "Yaya, ara min taki. Ita ba ruwanta da leɓe." Ko ɗigon gori babu a muryarsa. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu Sadiku magidanci ne, gashin baki ya rufe tabon, yana can Kuala Lumpur yana koyarwa, ni ina Kano. In na kira shi a waya yakan busa wa 'ya'yana waccan tawa, wadda ta tsage ranar dukan ya naɗe ta da salatif, su yi ta tsalle wai Kawu gwani ne. Ni kaɗai a ɗakin na taɓa jin yadda yake busa ta gicciyen. Ba su san abin da uwarsu ta hana su ji ba.