Jirgin Ƙarfe da Maficin Surukina

Zan iya manta ƙofofi da tagogi da gadajen da na ƙera tun ranar da na fara riƙe sandar walda, amma jirgin ruwan da na haɗa wa surukina a bakin gulbi, can gaba da Kebbe, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari. Aikin bai fi sauran girma ba. Shi ne dai aikin da ya tilasta mini buɗe baki a wurin da aka raine ni in rufe shi.

Ni mai walda ne a Tambuwal, shagona yana bakin titi. Surukina kuwa mai fito ne a wani ƙauye ta wajen Fakku, sana'ar da ya gada daga ubansa. In damina ta kankama gulbi ya cika, jirginsa ne kaɗai hanyar mutanen ƙetare. Masu kai hatsi kasuwa, mata masu zuwa awo asibitin Kebbe, har babura, duk a cikinsa suke hayewa. To jirgin nan na katako ya ruɓe. A ƙarshen daminar da ta gabata ana fito ne ana kwarfe ruwa da ƙwarya, kuma irin itacen da ake sassaƙa jirgi mai girmansa ya ƙare a dajinsu. Sai mutanen gari suka haɗa ƙarfi suka sayi farantan ƙarfe, suka ce ai mai fito yana da suruki mai walda. Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Matata ce ta kawo mini labarin tana murna, kamar an ba ni sarauta.

Da na je sai na dudduba farantan. Ba su da kauri, don jirgi mai nauyi ba ya tuƙuwa da sanda. Irin wannan ƙarfen in ka sa masa sandar walda da muka saba, huda shi take yi, ka toshe nan can ya ɓule. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ban daɗe da sayo wani sabon inji daga Sakkwato ba, wanda ake kira mig. Shi ba ya cin sanda. Siririyar waya ce a naɗe a cikinsa kamar zare a kwarkwaro, in ka danna kunamar abin da ake riƙewa a hannu, wanda muke kira bindiga, sai wayar ta riƙa fitowa tana narkewa, gas kuma yana fitowa tare da ita yana lulluɓe narkakken ƙarfen kada iska ta taɓa shi. Abokan sana'ata sun sha yi mini tsiya a kansa, wai na sayo injin da ke shan gas kamar mai shayi. Wanda ya sayar mini ya ja kunnena cewa injin ba shi da abokin gaba sai iska, domin in ta kwashe gas ɗin, ɗinkin zai fito da ƙananan ƙofofi ko ido bai gani ba.

Hanyar ƙauyen ba ta ɗaukar haɗaɗɗen jirgi, dole a bakin gulbi za a yi aikin. Muka loda inji da janareto da tukunyar gas a mota, muka sha girgiza har muka isa. Tukunya ɗaya ce tak, don ita na samu, kuma mai sayarwa ya ce wata ba za ta iso ba sai damina ta yi nisa. Lokacin bazara ne, gulbin ya zama yashi, gabas kuma ta fara haɗa gajimare da yamma. Lissafin bai da wuya: in gama jirgin da ba ya yoyo da gas ɗin da ke hannuna kafin ruwa ya sauko, ko mutanen ƙetare su yi damina a yanke.

Na kafa kayana a natse. Na ɗaure tukunyar a jikin wata bishiya kada ta faɗi, na ɗaura mata agogonta mai nuna yawan gas, na jona tiyo, na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu in ga ko za ta yi kumfa. Na zura waya tsakanin 'yan tayoyin da ke tura ta, na matse su daidai, ba sosai ba kada su murƙushe ta. Na goge wani wuri a jikin faranti har ya yi fari, na maƙala wayar da ke kama ƙarfe. Sannan na tada janareto na ɗauki guntun ƙarfe ina gwaji, ina murɗa makunnin wuta da na gudun waya, har ƙarar ta daina tartsatsi ta koma sumul kamar ana suyar ƙosai. Daga nan na sa aka kawo zana aka kewaye wurin ta kowace kusurwa. Iska ta tsaya a waje kamar yadda nake so, ni kuma na shiga tanda. Ga rana, ga ƙarfe, ga hular walda a fuska, ga riga mai kauri saboda tartsatsi.

Sai na faɗi yadda muke da surukina. Matata ce 'yarsa ta fari, saboda haka kunyar da ke tsakaninmu ta wuce misali. Tun da na aure ta, abin da ke haɗa mu gaisuwa ce. In tuɓe takalmi daga nesa in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ashe tsohon nan yana leƙowa ta jikin zana yana ganin yadda gumi ke ɗiga daga haɓata. Wata rana bayan azahar ina duƙe a kan ɗinki sai na ji wani sanyi yana ratsa ni. Da na ɗaga hula na waiga, shi ne tsugune a gefena da babban maficin kaba, ya kau da fuskarsa gefe saboda hasken wuta da kuma kunya, yana ta fifita da iyakar ƙarfinsa. Na sauke hular na ci gaba da ɗinki. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido a cikin hular. Daga ranar, kullum zafi ya tsananta sai ya shigo.

Da na gama ƙasan jirgin sai na yi gwajin da muke yi wa tankin ruwa. Na dama alli na shafe ɗinkin ta waje, ya bushe, na bi ta ciki da kananzir. Inda duk akwai ƙofa, kananzir zai ratsa ya ɓata allin. Na zagayo na duba. Wasu layukan fari fat, wasu kuwa ɗigo-ɗigo tun daga farko har ƙarshe. Na sa giranda, injin gugar ƙarfe, na kankare marasa kyan, na sake ɗinkewa, na sake gwadawa, suka sake ɓaci. Kowane maimaici gas yake ci, allurar agogo tana ta sunkuyawa.

Ba abin da ban zarga ba. Na ce janareto ne ke gajiya da rana. Na ce waya ce ta yi tsatsa, na kwance na duba. Na canza bakin bindiga, na sake bin tiyo da sabulu. Na hau tudu inda ake samun sabis na kira wanda ya sayar mini da injin, ya ce iska ce. Na ce masa a fusace babu iska, na kewaye wurin da zana, ko kyandir aka kunna ba zai mutu ba. Ya ce shi dai iska ya sani. Na kashe waya ina ce masa maƙaryaci a zuci, Allah ya yafe mini.

Abin da na lura da shi kawai, ɗinkin safe lafiya lau, na rana ne ke lalacewa. Rannan ina cikin aiki da rana, sai idona ya kai kan hayaƙin walda ta cikin gilashi. Maimakon ya miƙe sama, kwance yake tafiya, yana kaɗawa yana dawowa. Na saki kunama na ɗaga hula. Ganyen bishiyar da ke kanmu ko motsi ba ya yi. Na dubi maficin. Da yake tsohon ba ya kallon inda yake fifitawa, rabin iskar ba a jikina take sauka ba, a kan hannuna take, daidai bakin bindiga.

Gano ciwon bai kai faɗarsa wuya ba. Yaya zan dubi mutumin da ya girmi ubana, ya ba ni 'yarsa, ya ajiye girmansa ya tsuguna yana mini fifita, in ce masa shi ke ɓata aikin? Na fara da matata a waya. Ta ce, “Ni in ce ma Baba shi bari? Ashe so kaka in rasa gidan zuwa.” Na koma wurin wani abokinsa, tsoho mai kamun kifi, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce in kwantar da hankalina. Ashe da ya je sai ya naɗe maganar cikin ladabi har ta ɓace, ya ce wai yaron nan yana jin nauyin wahalar da ake yi dominsa. Surukina ya ce wace wahala, ai shi ke wahala. Washegari ya zo da mafici a hannun dama, faifai a hagu.

A ranar na yi ta dabaru irin na mara gaskiya. In ya shigo sai in ajiye bindiga in kama guga ko yanka, in ya fita in koma walda. Aiki ya koma tafiyar hawainiya, ga shi an fara cewa an yi ruwa can sama ta wajen Zamfara. Na dubi allurar agogo, na dubi layukan da suka rage, na ga ko maimaici ɗaya ba ni da halinsa. Na tuna matan da za su zauna a kan ɗinkin nan da goyo a bayansu a tsakiyar gulbi. Na ce wa raina, ko zai karɓe 'yarsa, yau sai na faɗa.

Na kashe janareto, wurin ya yi tsit. Na tuɓe hula da takalmi na durƙusa a gabansa, kaina a ƙasa.

“Baba, ina neman gafara. Fifitar ga ita ka ɓata walda. Gas ɗin ga shi ka tsare ƙarfe, in anka fifita sai shi watse, ɗinki shi yi ƙofofi. In jirgin ga ya shiga ruwa haka, za shi sha.”

Ya ajiye mafici da faifai a ƙasa. Ya ce, “Gwada mani.”

Na kai shi bayan jirgin na nuna masa allin, layin safe da layin rana. Ya bi ɗigon kananzir da babban yatsansa a hankali har ƙarshen layin.

“Duk wanga aikina na?”

“Aikin iska na, Baba.”

Ya ɗauki maficinsa da faifansa ya fita. Na tada janareto na ci gaba, don ruwa ba zai jira in gama jin kunya ba. Ɗinkin wannan yammacin kuwa ya fito fari fat a gwaji.

Na ɗauka ba zan sake ganinsa a wurin ba. Washegari bayan azahar sai ga shi. Ya zauna a bakin zana, ya ɗora mafici a gwiwa, ya kasa kunne. Muddin ƙarar walda na tashi hannunsa ba ya motsi. Da na saki kunama na ɗaga hula sai ya taso ya yi ta yi mini fifita har in sauke ta, ya koma ya zauna. Masu zuwa kallo ma shi ya riƙa tsare su, kada wani ya ɗaga zana ko ya shigo yana kaɗa babbar riga. Ni kuma na tsuke hannu. Na goge duk mahaɗun tun da safe, na jera su, ba na danna kunama sai waya tana kan ƙarfe. Gas ya ƙare ina da saura wuraren zama da zoben ɗaure igiya, waɗanda ruwa ba ya taɓawa, na ƙarasa su da sandar da na saba.

Ba a yi ko yayyafi a garin ba ruwan ya iso. Da hantsi aka ga jan ruwa ya malalo a kan yashi yana tura kumfa da kara, kafin la'asar gulbi ya kai gaɓa. Gari ya taru aka tura jirgi. Matasa suka yi ca za su shiga, surukina ya hana. Ya aika aka ɗebo busasshiyar toka daga murhu, ya barbaɗa ta a kan kowane ɗinki ta ciki, ya ɗauki sandarsa ya shiga shi kaɗai. Ya kai tsakiya inda ruwa ya fi ƙarfi, ya tsaya, ya taka nan ya taka can, ya ƙarasa ƙetare ya dawo. Ni ina gaɓa, idona a kan jirgin.

Da ya iso ya duƙa ya damƙi tokar ya ɗaga hannu ya saki. Ta tashi a iska, busasshiya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya sauko ya ratsa mutane ya tsaya kusa da ni, yana kallon gulbi, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

“Da ka yi kurum, da na nutsar da mutanen ga da hannuna, ina zaton alheri nika yi. Allah shi yi maka albarka.”

Har yau ina tuɓe takalmi in na hango shi, kuma ban fara shan ruwa a gabansa ba. Kunya tarbiyyarmu ce, ba na fatan ranar da za mu rasa ta. Sai dai a bakin gulbin nan na gane tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce inda shirunka zai cuci wani. Na kuma gane cewa babba mai son alheri ba gaskiya ke ɓata masa rai ba. Abin da ba zai yafe maka ba shi ne ka bar shi ya yi ɓarna da hannunsa, kana gani, wai kana girmama shi.