Kwana Biyar a Hayin Rafi

Ni mahauci ne ɗan mahauci, a Zangon Sokodé aka haife ni, kuma da na tsaya ga wuƙata da yau ba ni da abin rubutawa. Amma shekarar da aka ce zinariya ta fito a wani daji kusa da gari, sai na ga kamar kowa ya fi ni wayo. Na rufe rumfa na bi sahu. Ban ma tafi ni kaɗai ba, na ja ƙanin matata, wanda ya zo daga Dapaong don ya koyi fawa a hannuna. Magidanci ne har da gemu, amma shi ne autan uwarsa. Nakan tsokane shi da cewa har yanzu warin nono yake, shi kuma ya ce tausayi ne ya sa yayarsa ta aure ni.

Wurin ba gari ba ne, bukkokin leda ne a hayin wani rafi, ga tsofaffin ramuka ko'ina cike da ruwan damina. Sauron wurin ba ya jiran magariba. Gidan sauron da muka je da shi kuwa bai kwana uku ba, domin a can da shi ake tace yashi. Ni da hannuna na yanka namu gida biyu.

Mu shida ne a raminmu, ƙarƙashin wani dattijo ɗan ƙabilar Kotokoli da ya fi mu sanin ƙasa. Tun ranar farko ya gaya mana dokar aikin. Idan jijiyar zinariya ta bayyana, ba mai tsallaka rafi sai an wanke yashin ƙarshe, don wanda ya fita ya tafi da sa'ar kowa a ƙafarsa.

Ranar da jijiyar ta bayyana, ranar ƙanin matata ya fara rawar ɗari da tsakar rana. Dattijon ya taɓa goshinsa ya ce, “Wannan ba palu ba ne. Zinariya ne ya gaishe shi. Duk rami mai kyau haka yake yi.”

Sauran suka yi ta murna. Ni kuwa na san palu, wato zazzaɓin cizon sauro, kamar yunwar cikina, sau nawa na kai 'ya'yana asibiti aka soki yatsa aka ba su magani. Ba zan ce ban sani ba. Na ba shi ƙwayar ciwon kai na koma rami.

Kwana na biyu ya yi ta amai. Na uku ya riƙe gefen rigata ya ce, “Yaya, ka kai ni gida.”

Na ce, “Gobe, auta. Saura kaɗan mu wanke.”

Tsoro nake ji, ba na komai ba sai na idon mutum huɗu da za su ce ni na kashe musu rami. Haushin kaina a kan wannan bai taɓa raguwa ba.

Da gari ya waye ya daina gane ni, idonsa ya yi rawaya. Na ce doka ta ci kanta, na saɓa shi muka nufi rafi. Ashe ruwan da aka yi a tudu ya sauko, rafin da muke ratsawa iya gwiwa yana tafe da itatuwa. Yanzu ba mai hana ni, dattijon ma da kansa ya rako mu yana ta salati, amma babu hanya. Wuni guda na zauna a gaɓa, kan ƙanin matata a cinyata, ina kora masa sauro da hula. Ga masu babur can a ɗaya hayin, muna ganin juna.

Sai a rana ta biyar ruwa ya ja, na goya shi na tsallaka. A asibitin Sokodé ma'aikaciyar ta tambaye ni yaushe ya fara, na ce shekaranjiya. Ta dube ni kawai ta ci gaba da neman jijiya. Washegari bayan azahar ya cika.

Bayan an yi bakwai na hau mota zuwa Dapaong. Tsakanina da surukata akwai kunya, tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Na durƙusa a bakin ƙofarta, tana daga ciki. Na shirya wa kowace irin tambaya, har so nake ta yi. Ba ta yi ba.

Ta ce, “An gaya mini a bayanka ka goyo shi, ka ratsa ruwa da shi. Ko uwa ɗaya kuka fito iyakar abin da za ka yi ke nan. Allah ya yi maka albarka.”

Na ce, “Amin, Inna.”

Abokan ramin ba za su taɓa faɗa ba, domin tare muka yi. Matata har yau rafi take zagi. Duk wanda ya zo daga Dapaong kuwa sai ya kawo mini saƙon albarkar tsohuwa, ni kuma in sunkuyar da kai in amsa.