Mainasara Mai Gyaran Hancin Mota

Ranar da na fara sa ƙafa a garejin Mainasara, bayan tashar Wurno, mota ce ta karɓe mini hula. Na tarar an ɗaga murfin injin wata a-kori-kura, wani bututu mai faɗin kwanon sha ya buɗe baki, ba a kai ga sa masa matata ba. Ni da ba wanda ya kira ni, na sunkuya ina leƙe kamar na san abin da nake nema. Direba ya taka totur, sai na ji iska a tsakar kaina. Da aka kashe inji aka zaro hular, ta koma kamar tsumman goge kasko. Mainasara ya juya ta a hannu, ya ce da direban, "Ka gani? Tana ja da kyau." Ni ko sannu bai yi mini ba.

Mutumin Tursa ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma bai iya tsayawa kusa da inji bakinsa a rufe ba. Ya ce da baki a buɗe kunne ya fi ji. Yana saurayi aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, noman rani ya buɗe, injinan ban ruwa suka cika fadama, kowanne da irin tarinsa. Ya koyi gyara a hannun Oga Andrawus, wani bakanike da aikin madatsa ya kawo daga kudancin Kaduna, aiki ya ƙare ya ƙi komawa, wai bai taɓa cin shinkafa irin ta Wurno ba.

A fadama Mainasara ya lura da abin da ya zame masa sana'a. Injin da ke cika fangali kafin ka gama gaisawa da safe, shi ne da azahar zai yi ta nishi kamar an sa shi dole. Manoma suka ce lalaci ne. Oga Andrawus ya ce a'a, iska mai sanyi ta fi kauri, inji ya fi ƙoshi da ita, mai ya fi ci da kyau. Daga ranar Mainasara ya daina kallon inji ta wani wuri sai ta hanci. Ka kawo masa mota tayarta ta yi faci, sai ya tambaye ka yadda take numfashi.

Da ya koma kan motocin ɗaukar albasa ya yi gwaje-gwaje, ba duka suka yi kyan gani ba. Akwai shekarar da yake naɗe bututun iska da jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda ake yi wa jarkar ruwan sha. Dabarar ta ci, sai dai direba kan tsaya a kowane ƙauye yana roƙon ruwan jiƙa buhu, har aka fara cewa motocin Wurno sun fi masu su yawan alwala. Daga baya ya tsaya a kan abu guda. Yakan cire tsohon akwatin iska, ya ja sabon bututu nesa da zafin inji, ya kai shi cikin wani gwangwani mai matata, sannan ya saita mai da kunne. Motar da ke hawa gangaren fadama da addu'ar mutum shida sai ta haye da buhu ashirin tana gurnani.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Kafin ya taɓa mota sai ya tambayi inda take bi. In hanyar tudu kake bi, ya sa hancin ƙasa, bayan bamba, inda iska ta fi sanyi. In kana ratsa ruwa, ya fito da shi sama, gefen gilashin gaba, tsaye kamar maƙogwaron raƙumi. Saboda haka a tashar Wurno ba sai ka tambayi mutum hanyarsa ba, ka dubi hancin motarsa kawai. Abin da Mainasara ke taƙama da shi kuwa, shekara ashirin da shida motar da ya yi wa hanci ba ta taɓa shan ruwa ba. Da wannan sunan yake ci, da shi ake kawo masa motoci har daga Rabah da Achida.

To, ga inda na shigo. Daga gonar albasata hanya biyu ce. Ta tudu tana bi ta ƙofar gidan Inna Ma'u, ƙanwar mahaifina, a Tursa. Inna Ma'u ba ta taɓa ganin bayan mota da sarari ta ƙyale ba. In ba akuya ba ce turmi ne, in ba turmi ba ita ce da kanta, da tsayawa uku a hanya don gaisuwar rashin lafiya. Shi ya sa na fi shekara ina zagawa ta wani mashigi, ruwansa iya idon sawu, na bar ta a kan cewa na rage zuwa gona. Mainasara kuwa katangarsu ɗaya da ita.

"Atiku, ina kaka bi?" ya tambaye ni ranar da na kai tawa.

"Tudu, Kawu."

"Ban ganin ka ƙohwar Ma'u."

"Da hwarar sahiya nika wucewa."

Ya dube ni, ya dubi taɓon da ya bushe a tayoyina. Ya sa hancin ƙasa. Wata biyu na yi ina jin daɗi. Ko ba dalili sai in taka totur a tasha don a waiwayo.

Sai wata Laraba aka saki ruwa daga Goronyo. An sanar, ni ne ban saurara ba. Na iso mashigi da lodin albasa, na ga ya ɗan faɗaɗa, na ce motar da ke da sabon hanci mi za ta ji. Muna tsakiya ta yi wani dogon zuƙa, irin na mai shan fura da ƙishi, ta yi shiru. Na buɗe ƙofa ruwa ya shigo ya zauna kusa da ni.

Shanun huɗar wani manomi ne suka ja mu har kan tudu, na ba shi buhun albasa ya manta da fuskata. Na bar mota a rana yini guda, na goge ciyawar da ta maƙale, sannan na sa aka jawo ta Wurno. A tasha aka taru ana tambaya. Da na yi shiru da ya fi, amma bakina bai san wannan ba. Na ce ina tafiya lafiya lau a kan tudu sabon hancin ya shaƙe ta. Na ƙara gishiri, na ce da ma tun farko na ji tana huci. Kafin la'asar Zayyanu, mai motoci uku da ya shirya kawowa a yi musu hanci, ya aiko cewa ya fasa. Wani ya fara tambaya ko ana iya mayar masa da tsohon akwatinsa.

Washegari Mainasara ya sa aka turo motar tsakiyar tasha, ba cikin gareji ba. Ya aika aka kira Zayyanu. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai rake, sannan ya kwance fulogi huɗu ya ce in murza makulli. Na murza. Ruwa ya yi tsiri daga inji, ya sauka a gaban rigar Zayyanu.

"Wanga mi ne ne?" in ji Zayyanu.

"Raɓa ce," na ce. "Kwanan ga ana raɓa ƙwarai."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mainasara ya kwanta ƙarƙashin bamba, ya kwance gwangwanin matata, ya fito da shi a hankali kamar mai ɗauke da kwanon miya. Ya karkata shi. Sauran ruwa ya zubo, sai ga 'yar tarwaɗa kamar yatsa ta faɗo, da ranta, tana wutsil-wutsil a ƙasa. Mai rake ya matso ya duba, ya tabbatar wa jama'a cewa kifi ne.

Na ce bari in yi ta maza in ceci abin da ya saura. "Kawu, ai ka san hanyoyin yanzu, komi mutum shina iya takawa."

Mainasara ya ɗaga tarwaɗar ta wutsiya, ya miƙo mini.

"Riƙe ta da kyau, Atiku. Shekarata sittin ina bin hanyar tudu, na ga an kaɗe akuya, na ga an kaɗe jaki. Kai ne direba na hwarko da ya kaɗe kihi."