Jakin da Iya Ta Bari a Ɗaure

Ni ba na cikin masu cewa talabijin ce ta kashe tatsuniya. A gidanmu ita ce ma ta riƙe ta, kuma ranar da Baffa Sale ya fitar da ita daga ɗakin Iya, ranar komai ya watse.

Iya kakarmu ce, ita ta haifi Babanmu da ƙanensa Baffa Sale. Gida ɗaya muke, a wani ƙauye gefen Dawakin Tofa inda dawa ke tsirowa har jikin katanga. A gidanmu duk sabon abu ɗakin babba yake fara sauka, shi ya sa da aka sayo talabijin da dish da ɗan batirin sola, ɗakin Iya aka kai su. Kallon bai dame ta ba, mu take so. Da an idar da magariba sai mu cika mata ɗaki, mu jikoki tara, tana gefe da kaskon garwashi tana gasa mana gyaɗa. Batirin bai taɓa kai mu ƙarshen fim ba. Yana ɗaukewa mu hau tsaki, ita kuma ta hau dariya.

"Naku ya mutu, nawa ba ya cin wuta. Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

"Ta shigo, akwai wuri," mu amsa.

Iya tana da wayo, ba ta ƙarasa tatsuniya a zama ɗaya. Sai ta kai inda numfashinka ya tsaya, ta ce sauran sai gobe. Ni kuwa in yi ta jan zanenta. "Uwar gaggawa," in ji ta, "ko wata taran ma ba ki bari ya cika ba kika faɗo duniya."

Ta ƙarshe da ta fara mana, ta wani manomi ce da jakinsa. Shekara da shekaru jakin yana ɗauko masa taki daga birni, kullum mutumin yana shafa wuyansa yana cewa in an yi girbi, harawar farko tasa ce. Ana nan sai ya samu amalanke da shanu biyu. Ya ja jakin zuwa gindin ɗorawa a bayan gari, ya ɗaure shi, ya ce, "Jira ni, yanzu zan dawo." Rana ta faɗi, jaki yana kallon hanya. Can sai ya ji takun ƙafa. Nan Iya ta karkaɗe zane ta ce sauran sai gobe.

Da goben ta zo, Baffa Sale ya shigo da eriya a hannu. Ya ce kuɗin wata na dish ya isa haka, ga taki ya yi tsada. Eriya kyauta take kamawa, mai son fim kuma ya kalla a waya. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa riƙe shi a kan wannan ba. Matsalar, eriyar ta ƙi kamawa a ɗakin Iya saboda mangwaron da ya rufe rufin. Sai ya kinkimi talabijin ya nufi zaure.

"Iya, kwana biyu ne. In samo doguwar gora in ɗaga eriyar, in dawo miki da ita."

"To, Allah ya kai mu," ta ce. Ta shimfiɗa ƙyalle a kan teburin talabijin ɗin don kada ya yi datti.

Zaure wurin maza ne, don haka samarin gidan suka bi talabijin. Mu mata muka koma bayan rumbu, inda sabis yake kamawa, muka haɗa kai a kan wayar yayarmu. Har da ni, ba zan ɓoye ba. Kwana uku Iya tana gasa gyaɗar mutum tara. A na huɗu ba ta hura kaskon ba.

Gora ba ta wuyar samu a kasuwar Rimin Gado. Na tuna wa Baffa sau biyu, a na uku ya ce in iya bakina. Dish ɗin ma aka sauke shi, ya zama wurin shanya barkono.

Sai da na zo wani hutu daga sakandare na zauna kusa da ita. Ƙyallen yana nan a kan teburin.

"Iya, wai mutumin nan ya dawo?"

"Wane mutum?"

"Mai jakin. Takun wa ya ji?"

Ta dube ni. "Au, ƙarshe kike so? Ai ba a biya kuɗin wata ba, ƙawata. An yanke."

Ta yi dariya, ni na kasa. A daminar da ta biyo baya ta rasu.

Har yau in na tuna manomin nan, fuskar Baffa nake gani. Na san lokacin da ya ce kwana biyu, har zuciyarsa haka yake nufi, kuma wannan ne ya fi ci min rai: bai ma ɗauki abin da muhimmancin da zai yi ƙarya a kai ba. Mantawa kawai ya yi.

Yanzu jikokinsa kan ce in yi musu tatsuniya. Ina ba su ta jakin, in tsaya daidai inda Iya ta tsaya. In sun dame ni da tambayar ko ya dawo, sai in ce kakansu yana zaure, su je su tambaye shi.