Zabbin da Ke Kallon Randa

Aikina a kamfanin buga yadi da ke Sharada shi ne zana labulen da ba a kai ga ɗinkawa ba. Ofishina wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, an sa masa na'urar sanyi, ba don ni ba, don kwamfuta. Masu aikin inji kan wuce sharkaf da gumi, su leƙo ta gilashi su ce Malam na shan daɗi. Ban taɓa yi musu musu ba. Amma da ɗayansu zai turo ƙofa ya zauna mu yi hira, da na bar masa sanyin duka. Sai in yini ban buɗe baki ba in ba a sahun salla ba.

Zana fure a jera shi ya cika allo ba wani abin wahala ba ne. Sai dai 'yan kasuwar Kwari ba sa sayen yadi a shimfiɗe, so suke su ga yadda zai sauka a taga. To sai in ja layuka baƙi da fari daga sama har ƙasa, in sa wata filtar kwamfuta ta dusashe bakinsu, wata ta lanƙwasa su kamar iska ta taɓa, sannan in ɗora a kan zanen. Nan take labule ya fito da ninkinsa da inuwarsa, Alhajin da ya zo saye ya gyara zaman hula ya ce a buga. Na rataya labule a tagogin da babu su a duniya, ba adadi, alhali ƙofar ɗakina tsohon zanen gado ne a maƙale da ƙusa.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A ɗakin kakata na tashi, a ƙauyenmu da ke bayan Challawa. Kullum da safe sai in tsaya a tsakar gida in durƙusa, in gaida Inna ta bayan labulenta, ita kuma ta amsa a taƙaice. In abinci ne, sai ta ce wa ƙanwata, "Miƙa wa wancan." Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka ake yi wa kowane ɗan fari a wajenmu, kuma uwar da ta sake da nata ita ake yi wa dariya. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa kishin ƙanwata ba, wadda ke kwance a cinyarta ana yi mata kitso.

Tun kafin daminar da ɗakinta ya rushe, mantuwa ta fara kama Inna. Ruwa ya ci ginin ƙasar, aka fito da ita da kayan jikinta da wani ɗan ƙunshi. Ƙanwata tana aure a Hotoro cikin dangin miji, babu wurin ajiye uwa. Ni kuwa tun da muka rabu da matata ɗaki guda a gidana a rufe yake. Na share shi, na shimfiɗa tabarma, na sayi randa na ajiye a hannun hagu, na roƙi matar maƙwabcina ta riƙa leƙa ta idan na tafi aiki.

Ranar farko da na dawo na yi sallama, sai Inna ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, sannunku da zuwa," ta ce. "Ku ne mai gidan nan? Allah Ya saka da alheri, kun sauke ni."

Ba ta gane ni ba. Na shiga ɗakina na zauna. Amma kafin mako ya zagayo na sami kaina ina sauri in tashi daga aiki, har ina faɗa da mai adaidaita sahu in ya tsaya ɗaukar fasinja. Gaskiya zan faɗa, daɗi nake ji. Uwata tana hira da ni. Ta ba ni labarin tallar furar da ta yi tana budurwa, da yadda babanmu ya zo zance da takalmin aro. Wata rana ma ta kawo zancena.

"Ina da ɗa babba, Malam, a kamfani yake, zane yake yi. Shiru-shiru ne kamar ubansa. Ba ya son yaji, amma ko an zuba masa ba zai faɗa ba, sai dai ku ga yana ta shan ruwa."

Na ce, "Allah Ya yi masa albarka." Ta ce amin, ta sake cewa amin. Ban san ta taɓa lura da yadda nake cin abinci ba.

Damuwar ita ce ƙunshin nan. Ba ta yarda a kwance shi ba. Kullum da hantsi sai ta ɗora a kai ta yi godiya, ta ce gida za ta. Matar maƙwabcina takan lallashe ta ta dawo da ita. Wata rana matar ta shiga wanka, ko da ta fito Inna ta kai bakin titi inda tireloli ke wucewa, tana ɗaga wa mai adaidaita hannu tana cewa Challawa. Ƙanwata ta zo da yamma da kwaɗo a jaka.

"Yaya, ko dai a riƙa kulle ta, ko wata rana mota ta ɗauke ta. Zaɓi ɗaya."

Raina ya ɓaci, na ce uwata ba akuya ba ce. Ta ce ita ma uwarta ce. Muna cikin haka Inna ta sa baki daga kan tabarma, cikin ladabi.

"Malam, kada ku yi faɗa da baƙuwa. Gidanku ba laifi. Ni dai ƙofata nake nema, ban ga zabbina ba."

Na san zabbin. Labulen ƙofarta ne, kore, da zanen zabbi ruwan toka a jere, duk sun fuskanci dama. Na girma ina kallonsu a durƙushe. Ƙasa ta binne shi tare da ɗakin. Na roƙi ƙanwata ta ba ni ɗan lokaci kafin ta sa kwaɗon, ta ce to, amma ta bar shi a kan taga inda zan riƙa ganinsa.

A wayarta muka sami hoton wani suna, gefen labulen ya fito a bayan mata. Na ɗora hoton a kwamfuta na faɗaɗa shi har ya farfashe, na bi zabuwa guda da hannu ina zanawa, ɗigo bayan ɗigo. Lokacin cin abincin rana nake yi, abinci ya huce a gefe. Na jera zabbin, na gyara koren ya yi shar. Da na ɗora masa ninki na ga ya sauka a allo, sai na ji kamar in yi sallama. Manajanmu ya ba ni izini aka buga mini a injin samfur, tela ya naɗe baki. Na cire tsohon yadin da ke ƙofar Inna na rataya shi, na juya fuskarsa ciki don ta gani da kyau.

Inna ta dube shi, ta shafa.

"Kai, Malam, kun yi sabon labule? Ma sha Allah. Amarya za a kawo?"

Washegari da hantsi ta ɗauki ƙunshinta. Na ji haushin labulen, na ji haushin kaina da sana'ar tawa. Na kira ƙanwata na ce ta zo ta ga abin da na ɓata lokaci a kai. Ta shigo ɗakin ta zauna kusa da Inna, ta ɗaga kai, sai ta kama dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wannan ai labulenka ne, ba nata ba. Kai daga waje ka san shi. Wa ya taɓa juya fuskar labule cikin ɗaki? Tsakar gida ake nuna wa. Mu da ke ciki bayansa muke gani. Zabbin hagu suke kallo, wajen randa, Inna har cewa take ƙishi suke ji. Kuma ba kore ba ne haka, ya koɗe, rana ce ke ratso shi."

A ɗakin nan na ƙauye aka haife ni, amma ban taɓa zama a cikinsa na kalli ƙofa ba.

Juya wanda na buga ba zai yi ba, don yadin samfur kauri gare shi, bayansa fari fat. Dole in zana bayan labulen a matsayin fuska. Na zaunar da ƙanwata ta faɗa mini duk abin da ta tuna. Akwai baƙin maiƙo a gefe, daidai inda hannu ke kamawa a ɗaga. Akwai ƙuna a ƙasa, inda kaskon turare ya taɓa lasa. Na koma ofis na juya zabbin suka kalli hagu. Na rage launin har koren ya koma kamar garin kuka. Na sa filtar da ke dusashe baki, zabbin suka zama kamar ana hango su ta cikin yadi. Na zuba haske a tsakiya, irin na hantsi, ya yi duhu a gefe-gefe. Maiƙon da ƙunar kuwa da hannu na zana su. Mai injin da ya ga abin da ke fitowa ya tsayar, ya ce tawada ta ƙare. Na ce ya ci gaba, haka nake so. Ya dube ni kamar sanyin ɗakina ya taɓa mini kai.

Da safe na rataya shi kafin in fita, Inna tana lazimi ba ta ɗago ba. A wurin aiki ban tsinana komai ba. Na yi ta jiran kiran matar maƙwabcina, waya ba ta yi ƙara ba.

Da na dawo bayan la'asar na tarar da takalman ƙanwata a ƙofa. Na yi sallama na ɗaga labulen kamar yadda na saba a 'yan watannin nan. Ƙunshin a kwance yake, zannuwan a ninke a kan akwati, carbinta a rataye a ƙusa. Inna na zaune ta miƙe ƙafa tana tsintar shinkafa a faifai.

"Inna, sannunku da gida," na ce.

Ta ɗago ta gan ni. Sai ta ja mayafi, ta kau da kai wajen bango.

"Ke," ta ce wa ƙanwata, "me wancan yake yi mini a ɗaki? Miƙa masa abincinsa waje. Kada ki sa masa yaji."

Ƙanwata ta toshe baki, hawaye na zuba. Na saki labulen na koma da baya. Kwaɗon nan ta mayar da shi jaka a ranar, ba a taɓa sa shi ba, kuma Inna ba ta sake neman hanyar Challawa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Abin da na nema ke nan, na kuwa samu, na gode wa Allah. Amma na yi kewar Malam mai gida, na yi kewarsa ƙwarai, don shi kaɗai ta taɓa yi wa hira.

Na zauna a tsakar gida da kwanona. Ta ciki ina jin muryarsu ƙasa-ƙasa, suna dariya. Ta wajena kuwa ba kore, ba zabuwa ko ɗaya, farin yadi ne kawai. Na ci abincin ina kallonsa, ban nemi ruwa ba.